Waken da Ya Ƙi Nuna a San Antonio

An ce mai haƙuri shi ke dafa dutse har ya sha romonsa. Na yi haƙurin awa shida a kan wata tukunya a San Antonio, a hunturun farko da muka sauka Teksas, dutsen bai dahu ba, romon kawai muka sha. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wake ne ya yi mini haka. Ni da na tashi a gidan da ake surfen wake tun kafin kiran assalatu, kakata tana tuyar ƙosai a ƙofar gida a Zariya, Inna tana ƙulla alale, a wayi gari wake ya gagare ni a gaban baƙi?

Maigida ne ya gayyato abokan karatunsa cin abincin dare, ni kuma da rawar kai na ce abincin garinsu zan yi musu. Cili ke nan. Cikakken sunansa da Sifaniyanci shi ne chili con carne, wato barkono da nama, amma ba mai wahalar da bakinsa da dogon sunan. Miya ce mai kauri, ja mai duhu, ta naman shanu da busasshen barkono da tafarnuwa da wani ɗan iri mai ƙamshi da ake kira kumin, ana shan ta a kwano da cokali. Na taɓa ci a wani gidan abinci, na ga da wake a ciki, na ce a raina ai wannan faten wake ne aka cika masa nama. Na sayo naman halal, na sayo ƙullin waken da suke kira pinto, mai ɗigo-ɗigo kamar ƙwan zabuwa. Na soya albasa da nama, na juye gwangwani biyu na tumatir, na wanke waken na zuba shi busasshe a kai, na tsayar da ruwan famfo. Ƙarfe ɗaya na rana na ɗora. Ƙarfe bakwai na dare nama ya narke ya zama zare, wake kuwa in ka tauna sai ka ji ƙaras, kamar ɗanyar gyaɗa.

Baƙin sun yi kara. Kowa yana shan romo yana ture wake gefen kwano. Ɗaya daga cikinsu, ɗan Teksas da aka haifa a can wajen Abilene, ya so ya wanke ni, ya ce kada in damu, dama a Teksas ba a sa wake a cili. Maganar ta tsaya mini. Na ci da wake a garin nan, ga gwangwanaye jere a kanti da hoton wake a jiki, ga kuma ɗan ƙasa yana cewa ba a sawa.

Washegari na buga wa Inna waya.

"Kin sa kanwa?"

"Inna, ina zan ga kanwa a nan?"

"To tumatirin fa, yaushe kika zuba?"

"Tun farko."

Ta yi shiru, har na zaci layi ya yanke. Can ta ce, "Ke dai ashe zaman banza kika yi a gindin murhu."

Sauran karatun a wurin maƙwabciyata na yi shi, wata tsohuwa da ta haura tamanin, wadda mahaifiyarta ta tsallako daga tsakiyar Meksiko tana yarinya, lokacin juyin juya halin da ya fara a 1910 ya koro dubban mutane zuwa unguwannin yammacin San Antonio. Ba ta taɓa kiran sunana ba, mija take ce mini, wato 'yata, ni kuma ina ce mata Kaka tana dariya. Na kai mata ragowar abincin a roba. Ta ɗauki wake ɗaya ta matse tsakanin yatsu, bai fashe ba. Ta ja ni kicin ta nuna mini tukunyar ƙasa mai ƙunƙuntaccen wuya, baƙa ƙirin daga ƙasa, wake yana ɗan motsi a ciki. Ta ce a gidan uwarta wake da tukunyarsa, nama da tasa, a faranti suke haɗuwa.

Wannan magana ce ta sa na shiga bin diddigin abincin, kuma duk inda na tona sai in tarar da tukwanen nan biyu.

Sifaniyawa ne suka kafa San Antonio a 1718, a bakin wani ƙaramin kogi, da masu wa'azin coci da barikin soja. A 1731 aka kawo wasu iyalai daga tsibiran Kanari, da ke gaɓar Maroko, suka zauna suka kafa hukumar gari. Wasu masu tarihin abinci suna danganta yawan kumin da ke cikin cili da waɗannan baƙi. Barkonon kuwa ɗan gida ne. Kalmar ma daga harshen Nahuwatil na Aztek ta fito, kuma har yau akwai wani ɗan mitsitsin barkono mai zafi kamar tsidugu da ke fitowa da kansa a dajin kudancin Teksas, tsuntsaye ne ke yaɗa shi. Shanu kuma sun yi yawa a yankin har sun zama na daji. Talaka da ya samu nama mai tauri, ga busasshen barkono rataye a bango, ga kitse, me zai yi in ba ya yanka shi ƙanana ya bar shi a wuta har ya yi laushi ba?

Waɗanda suka fito da wannan girki daga tsakar gida zuwa idon duniya mata ne. Daga wajen shekarun 1880, da yamma ta yi, sai matan unguwannin 'yan asalin Meksiko su ɗoro tukwane a keken doki su nufi dandalin da ake kira Plaza de Armas, filin faretin soja na dā. Su kafa teburan katako, su shimfiɗa ƙyalle, su kunna fitilu masu gilashi kala-kala, su hura wutar itacen meskit don ɗumama abin da suka dafo daga gida. 'Yan jaridar da ke zuwa yawon buɗe ido ne suka laƙaba musu sarauniyoyin cili, sunan ya bi su. Duk wanda ya san masu tuwo-tuwo a bakin tasha da daddare ya san yanayin: soja da ɗan kasuwa da mai korar shanu da baƙo mai kwat duk a benci ɗaya, ana ci ana wasa da mai abinci, makaɗa suna zagayawa. Santi 10 ya isa a zuba maka cili, a sa maka wake a gefe, a ba ka wainar masara da suke kira tortiya. A gefe, na ce. Waken yana nan a kowane tebur, daga tasa tukunyar ake ɗebo shi.

Ba su daɗe da samun suna ba aka fara korarsu. Da aka gina ofishin hukumar birni a tsakiyar wancan dandali wajen 1890, sai suka koma wasu filaye, wani lokaci gaban ginin da ake kira Alamo, wani lokaci kasuwar ciyawa. A can kasuwar ciyawar ne mawaƙiya Lydia Mendoza, tana budurwa a farkon shekarun 1930, take waƙa da gitarta tsakanin teburan abinci ana jefa mata 'yan kwabbai. A 1937 jami'an tsafta suka ce dole masu tebur su cika sharuɗɗan da ake gindaya wa gidajen abinci, abin da mai sayarwa a fili ba za ta iya ba. Magajin gari Maury Maverick ya dawo da su a 1939, da rumfuna masu raga da wurin wanke kwanuka, amma kafin a gama yaƙin duniya na biyu an sake rufe su, ba su ƙara dawowa ba. Na sha tsayawa a dandalin Plaza de Armas in ina jiran bas. Sai dai mutum ya ƙaddara a ransa, don ba ko ƙamshin albasa.

Shi waken ya girmi birnin da dubban shekaru. An fara noma shi a Meksiko da tsaunukan Andes shekara wajen 8,000 da suka wuce, ana shuka shi tare da masara da kabewa a gona ɗaya, yana hawa karan masara kamar yadda namu yake yaɗo a gindin gero. Amma ba ɗan'uwan namu ba ne na jini, kuma nan na fara faɗawa rami. Waken da muka sani, mai baƙin ido, ɗan Afirka ne, Nijeriya da Nijar ne kan gaba a duniya wajen noma shi, fatarsa sirirya ce, ba ya buƙatar jiƙo, cikin awa guda ya nuna. Nasu wata shuka ce daban: pinto, da baƙi, da fari, da ja mai siffar ƙoda, duk iri ɗaya ne da ya rarrabu. Fatarsu ta fi kauri, cikinsu ya fi taurin kai. (Namu ma ya je can, a jiragen bayi, har mutanen Teksas suna cin sa ranar sabuwar shekara don neman sa'a. Barkonon da muke taƙama da shi a yaji kuwa daga wajensu ya zo mana. An yi musaya, ba wanda ya ci bashin wani.)

To me ya sa matan nan suka raba tukunya? Dalili na farko na aljihu ne. A gidan talakan Meksiko tukunyar wake ba ta sauka daga wuta. Ana ci da safe, ana ci da rana, abin da ya kwana a dama shi a soya da kitse gobe. Nama kuwa sai an samu. Wa zai zuba abincin kwana uku cikin miyar dare ɗaya? Dalili na biyu shi ne wanda Inna ta sani ba tare da ta shiga aji ba. Ƙwayoyin da ke jikin wake a manne suke da juna da wani irin danƙo da masana ke kira fektin. Nunar wake ita ce narkewar wannan danƙo. Tsami yana hana shi narkewa. Tumatir tsami ne, busasshen barkono ma yana da nasa ɗan tsamin, don haka waken da aka jefa ɗanye cikin jar miya zai iya kwana a wuta fatarsa tana nan daram. Sai na uku, wanda ya shafi San Antonio musamman: ruwan garin daga ƙarƙashin dutsen farar ƙasa ake jawo shi, daga tafkin ƙarƙashin ƙasa da ake kira Edwards, cike yake da sinadarin kalsiyam. Duk butar shayin da ke garin tana da farin ɓawo a ciki. Kalsiyam yana ƙara ɗaure wancan danƙo. Ni kuwa na tara su duka a tukunya ɗaya: wake marar jiƙo, tumatir gwangwani biyu, da ruwan famfon da ke barin farar ƙasa a kofi. Daga baya na duba ƙullin waken na ga ya daɗe a kanti. Tsohon wake, musamman wanda ya sha zafi da laima a ajiya, yana da wani tauri da ba ya jin wuta. Wannan kam mun san shi a gida, shi ya sa ake tambayar mai awo ko na bana ne.

Makiyayan shanu ma da wake suka rayu. Bayan yaƙin basasar Amurka, lokacin da ake koro garken shanu daga kudancin Teksas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na Kansas, tafiyar wata biyu zuwa uku, akwai keken doki na girki da ke bin ayari, wanda ake danganta ƙirƙirarsa ga Charles Goodnight a 1866. Buhun busasshen wake ba ya lalacewa a hanya, don haka kusan kullum shi ne. Kuku yakan jiƙa da dare, ya ɗora tun da wuri, don ya san abin ba na gaggawa ba ne.

Yadda waken ya tsallaka ya faɗa tukunyar nama labarin gari ne da gwangwani. Wani Bajamushe mai suna William Gebhardt, da ke da ɗan wurin abinci a New Braunfels, arewa da San Antonio, ya fara niƙa busasshen barkono da kayan ƙamshi yana sayarwa a kwalba a shekarun 1890, daga baya ya koma San Antonio ya kafa masana'anta. Kafin nan sai mai barkono a rataye da dutsen niƙa ke iya yin cili. Bayan nan duk matar da ke Ohayo ko Misuri tana iya yi da cokali biyu na gari. A Corsicana kuma Lyman Davis, wanda ya fara sayar da nasa a kwano tun 1895, ya koma zuba shi a gwangwani a 1921, ya sa masa suna Wolf Brand saboda wani kyarkeci da yake kiwo. Ƙananan shagunan cili suka bazu a garuruwan tsakiyar ƙasar Amurka. Da tattalin arziki ya karye a 1929, kwanon cili da biskit na kyauta shi ne abincin da marar aiki ke iya saye, kuma mai shago ya san laba ɗaya ta nama in an haɗa ta da wake za ta ciyar da ninkin mutanen da za ta ciyar ita kaɗai. A arewa, inda shanu ba su yawo a bayan gida, wake da tumatir suka shiga suka zauna. Har dokar tarayya ta san da zancen: abin da za a rubuta wa chili con carne a gwangwani dole nama ya kai kashi 40 cikin 100, in kuma an rubuta da wake, kashi 25 ya wadatar. Tazarar da ke tsakanin lambobin nan biyu ita ce aikin da wake ya zo yi.

Wani abu da na lura da shi: ko a Cincinnati, inda wasu 'yan'uwa biyu 'yan Masedoniya, su Kiradjieff, suka buɗe shago a 1922 suka fito da nasu salon mai kirfa da ake zubawa a kan taliya, in ka ce a sa maka wake, daga wani mazubi daban ake ɗebo shi a ɗora a sama. Masu sana'ar ba su taɓa mantawa ba. Waɗanda suka manta su ne masu girki a gida, kuma gwangwani ne ya mantar da su. Waken gwangwani dafaffe ne tun daga masana'anta, ko a ruwan tsami ka juye shi ba abin da zai same shi. Uwa ta yi shekara talatin tana buɗe gwangwani tana juyewa a kan tumatir, 'yarta ta tashi tana ganin haka ake yi. Ranar da 'yar ta ce bari ta yi tattali ta sayi busasshe, sai ta bi tsarin da ta gani, ta faɗa ramin da na faɗa. Na ji daɗi da na gane ba ni kaɗai ba ce a ciki.

Su kuma mutanen Teksas, ganin abin da 'yan arewa suka mayar da abincinsu, sai suka ɗauki zafi. Wani ɗan jaridar Dallas, Frank X. Tolbert, ya fitar da littafi a kan cili a 1966 mai suna A Bowl of Red. A shekarar da ta biyo, wani marubucin barkwanci mazaunin New York, H. Allen Smith, ya buga maƙala a mujalla yana cika baki cewa ba wanda ya kai shi sanin cili, yana yi wa 'yan Teksas ba'a, kuma nasa da wake a ciki. Aka ce to a zo a gwada. Aka zaɓi Terlingua, wani kufai a hamadar yammacin Teksas kusa da iyakar Meksiko, inda aka taɓa haƙar ma'adinin zaiba aka watse. A nan Smith ya kara da Wick Fowler, shi ma ɗan jarida, a kakar 1967. Alƙalai uku ne. Ɗaya ya zaɓi wannan, ɗaya ya zaɓi wancan, na ukun ya ce harshensa ya ƙone ba zai iya yanke hukunci ba, aka tashi canjaras. Da wasa aka fara, amma har yau duk farkon Nuwamba dubban mutane suna tururuwa zuwa wannan kufai, kuma a dokar babbar gasar, wanda ya sa wake a tukunyarsa an fitar da shi. Shugaba Lyndon Johnson, ɗan Teksas, nasa cilin da ake raba takardar yadda ake yin sa daga fadar White House ba wake a ciki. A 1977 majalisar jihar ta ayyana cili a matsayin abincin Teksas na hukuma.

Ni dai abin yana ba ni dariya, yana kuma ɗan ba ni haushi. Matan da suka raba tukunya saboda sun san halin wake an kore su daga dandali da sunan tsafta. Shekara talatin bayan haka wasu maza masu manyan huluna suka taru a hamada da giyarsu suka mayar da dabarar matan doka, suka manta da dalilinta, suka kuma manta cewa a teburin matan waken yana nan a gefen faranti. A Meksiko kuwa ba ma sa son a jingina musu abincin. Wani babban ƙamus da aka buga a can a 1959 ya kushe shi, ya ce abin Amurkawa ne da ake laƙaba wa Meksiko. Kaka, da na ba ta labarin gasar, ta tambaye ni abu ɗaya: su waɗannan mutanen, wa ke dafa musu wake in sun koma gida?

Akwai wani ɓangare da ba na wasa ba, kuma na fi so mutanenmu da ke ƙasashen waje su ji shi, don namu waken bai koya mana tsoronsa ba. Jan wake mai siffar ƙoda, wanda 'yan arewacin ƙasar Amurka da Turawan Ingila suka fi sa wa cili, yana ɗauke da wani sinadari mai guba daga dangin da ake kira lektin. Ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba sun isa su sa mutum amai da gudawa cikin awa ɗaya zuwa uku. Tafasa mai ƙarfi tana kashe gubar, ɗumi-ɗumi ba ya kashe ta. A shekarun 1970 aka fara yayin tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali, wadda za ka zuba komai da safe ka tafi aiki ka dawo ka tarar ya nuna. Wasu daga cikinsu, in an sa su a ƙaramar wuta, ba sa kai abinci ga tafasa. A Birtaniya, tsakanin 1976 da 1989, an rubuta aukuwa kusan 50 da ake zargin jan wake ne ya kwantar da mutane, wasu ɗanye suka ci bayan jiƙo, wasu wanda bai ji wuta sosai ba. Shawarar hukumomin lafiya ita ce a jiƙa shi aƙalla awa 5, a zubar da ruwan jiƙon, a tafasa shi fafal-fafal a sabon ruwa aƙalla minti 10, wasu ma sun ce a kai 30 don a kauce wa shakka, sannan a rage wuta. Pinto yana da wannan sinadari amma kaɗan ne in an gwada da ja. Allah ya rufa mini asiri da ba ja na saya ba ranar nan, da ba kunya kaɗai zan kwasa ba.

Yanzu ga yadda nake yi, bayan shekaru ina gwadawa ina ɓatawa. Laba ɗaya ta wake, wato kusan rabin kilo, in tsince tsakuwa a tire kamar yadda aka saba, in wanke, in jiƙa tun dare a ruwa mai yawa da babban cokali ɗaya na gishiri. Na san an ce gishiri yana taurara wake, ni ma da haka na tashi, amma na gwada duka biyun a kwano biyu na ga wanda ya kwana a ruwan gishiri fatarsa ta fi laushi, bai kuma farfashe ba. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne gishirin yana ture kalsiyam ɗin da ke fatar. Da safe in tsiyaye, in sa sabon ruwa ya sha kansa da kamar gaɓa biyu na yatsa, in bar shi ya yi ta tafarfasa kwata na awa, in kwashe kumfa, in rage wuta har sai yana ɗan motsi kawai. Rabin albasa da tafarnuwa uku, shi ke nan. In ruwa ya ja, tafasasshe nake ƙarawa. In na ga alamar tsoho ne, in sa bekin soda a bakin ƙaramin cokali, kada ya wuce haka, don in ya yi yawa waken yakan zama kunu, ya yi ɗanɗanon sabulu, ya kuma rasa wani sashe na bitamin ɗinsa. Awa ɗaya da rabi zuwa biyu yakan ɗauka. Ba na yarda da ƙwaya ɗaya: sai na ɗebo biyar daga wurare daban-daban na matse, in ko ɗaya ta yi gardama a ci gaba, don wake ɗaya shi ke ɓata gari.

A ɗaya murhun kuma nama yana nasa. In gasa busasshen barkonon da suke kira anco a kasko har ya yi ƙamshi, shi ne mai kama da busasshen tattasai, faffaɗa, baƙi-baƙi, mai ɗan zaƙi, in haɗa shi da wani siriri mai suna gwahiyo, in jiƙa su a ruwan zafi in markaɗa. Nama a yanka kamar kan yatsa, a soya a kitsensa, a zuba markaɗen da kumin da tafarnuwa. Sai ya rage minti 20 ko 30 a sauke nake ɗebo wake da ludayi, da ɗan ruwansa don kauri, in zuba. A nan tsamin da ya zama mini abokin gaba yake komawa mai amfani, don yana riƙe waken da ya riga ya nuna kada ya dagargaje. In kuma ɗan Abilene ɗin nan ne zai zo, sai in bar masa nasa a tukunyarsa. Na lura yakan miƙa hannu ya ɗiba sau biyu.

Ni da Kaka ba mu taɓa daidaitawa a kan jiƙo ba. Ita ba ta jiƙawa, ta ce ruwan jiƙo yana tafiya da launi da daɗi, kuma mai tukunyar ƙasa da yini guda a gida ba ta da abin yi da gaggawa. Gishiri ma sai a ƙarshe take sawa. Wakenta ya fi nawa daɗi, ban musa ba, amma awa huɗu yake yi, kuma ita a buhu take saye wurin mutumin da ta san yana kawo na bana.

Bayan kamar shekara guda wani ɗan garinmu ya zo, Inna ta ba shi saƙo: kuka, daddawa, da ƙullin jar kanwa a tsumma. Na gutsuri kaɗan na kai wa Kaka don ta ga abin da uwata ke ta faɗa a kai. Ta juya shi a tafin hannu, ta kai bakin harshe, ta yamutsa fuska, sannan ta zauna a kujera. Ta ce tekeskite. Ashe a tsakiyar Meksiko, in tafkuna sun janye da rani, irin su tafkin Teskoko, wani gishiri mai toka-toka yakan fito a kan laka, ana kankare shi tun zamanin Aztek, ana sa wa wake da masara don su yi laushi. Uwarta takan jiƙa shi a kofi ya kwana, ta tsiyaye ruwan saman a tukunya ta bar laka a ƙasa. Na ce haka Inna take yi, namu kuma daga wajen tafkin Cadi da ƙasar Manga fatake ke kawo shi. Ta ce rabonta da ganinsa tun rasuwar uwarta. Ta miƙe ta ɗauko kofi ta jefa gutsuren a ciki, ta ce in dawo gobe da azahar, in taho da nawa kwanon.